Alƙalami Ne Mai Gadin Jari

Duk wanda ya zaga kasuwannin ƙasar nan, tun daga Agege da Mile 12 a Ikko, zuwa Sabo ta Ibadan, har Kurmi da Kantin Kwari a Kano, zai tarar da bayin Allah waɗanda ba su san hutu ba. Ɗan tireda da mai shayi, tela da mahauci, mai awon hatsi da mace mai sana'a a cikin gida, kowa yana tsaye tun asuba har dare ya raba. Amma abin baƙin ciki, sau da yawa mutum zai shekara goma yana wannan fama, teburinsa bai ƙaru da komai ba, wani ma a wayi gari ya karye, alhali kuwa ciniki bai taɓa yanke masa ba.

Al'amarin ya wuce na mutum ɗaya ko biyu. Binciken da Hukumar Bunƙasa Ƙananan Sana'o'i, wato SMEDAN, ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kimanin miliyan 41 da rabi a 2017, amma rahoton 2021 ya nuna sun ragu zuwa kimanin miliyan 39 da dubu 600. Kowane teburi da aka kife, akwai gidan da tukunyarsa ta dogara da shi.

Babu shakka wasu dalilan sun fi ƙarfin ɗan kasuwa. Annobar korona ta rufe kasuwanni a 2020, ƙarancin takardun kuɗi ya tsayar da ciniki a farkon 2023, cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar ya ninka kuɗin mota, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 cikin 100 a watan Disamba na 2024. Waɗannan hakkin hukuma ne, ita za a tambaya. To, amma akwai wata ɓaraka da take cikin kantin kansa, wadda gwamna ko minista ba zai zo ya toshe wa kowa ba, ita ce gudanar da ciniki da ka, ba rubutu, ba lissafi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga misali. Mutum ya sari buhun sukari a kan Naira 70,000, ya sayar mudu-mudu har ya tara Naira 76,000. A ganinsa ya ci ribar Naira 6,000, sai ya yi cefane da ita. Ya manta ya biya Naira 1,500 kuɗin mota da dako, kuma da ya koma wurin sari sai ya tarar buhu ya zama Naira 75,000. Ko da bai taɓa ko kwabo ba, abin da ya rage a hannunsa bai isa sayen buhu ɗaya ba. Wannan bawan Allah uwar kuɗi yake ci yana tsammanin riba ce. A zamanin tsada, riba ita ce abin da ya yi saura bayan an mayar da kaya yadda suke a da.

Saboda haka abu na farko da ya wajaba ga mai ƙaramar sana'a shi ne ya raba aljihun kanti da aljihun gida. Ya yanka wa kansa abin da zai riƙa ɗauka a kowace rana ko kowane mako, kamar yadda zai yanka wa ɗan aiki, cefane da gudummawar biki da kuɗin makaranta duk su fito daga nan. In ya ɗebi kwanon shinkafa ya aika gida, ya rubuta, domin kayan kanti ne. Wanda ke karɓar kuɗi ta waya ko ta na'urar POS kuwa, ya buɗe wa sana'ar asusunta dabam, kuma kada ya saki kaya sai ya ga kuɗi sun shiga asusun da idonsa, domin saƙon bogi ya cuci mutane da dama.

Na biyu, littafi. Ba a bukatar akawu ko takardar shaidar makaranta. Littafin rubutu na ɗan firamare ya wadatar: shafin dama abin da ya shigo, shafin hagu abin da ya fita, a haɗa jimla kowane dare kafin a rufe ƙofa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa ɗan makaranta. Aikin bai wuce na minti 15 ba, amma shi zai nuna a ƙarshen wata wace haja ce ke kawo riba, wace ce kuma ke cin wuri a banza. Haka nan a riƙa ƙidaya kaya a ƙalla sau ɗaya a wata. Kayan da suka yi kwantai kuɗi ne aka ɗaure, gara a karya farashi a sayar, a juya kuɗin a hajar da ke tafiya.

Na uku, bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasuwa ba ta tafiya sai da shi. Cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya daɗe yana gudana a kan amana, maigida a zango ya tsaya wa baƙonsa, a ba da kaya a biya daga baya. Wannan ya yiwu ne saboda kowa ya san kowa, wanda ya ci amana kuma ba shi da wurin sa kai. Yanzu garuruwa sun cika sun batse, mai saye na yau ba lallai a sake ganinsa gobe ba. Wasu suna jin nauyin rubuta bashi, wai kamar rashin yarda ne. Ya isa a tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da sa masa wa'adi da kafa shaidu ta sauka. A rubuta suna da adadi da ranar biya, kuma a sa iyakar da bashin da ke waje ba zai wuce ba.

Na huɗu, lokaci da ma'aikata. Kantin da ba a san lokacin buɗewarsa ba, mai saye zai koma na kusa da shi. Bakin kanti da ya zama majalisar hira yana korar masu saye, musamman mata, yana kuma ɗauke hankalin mai shi daga canji da awo. A keɓe ranar sari, a tafi da jerin abin da za a sayo a rubuce. Yaron kanti kuma a yi masa sharaɗi tun farko a gaban shaidu: abin da za a ba shi, da shekarun da zai yi, da abin da za a sallame shi da shi. Yaron da ya san makomarsa ya fi tsare dukiyar ubangidansa.

Babban abin tsoro ma shi ne ranar da mai kanti ba ya nan. Gidaje nawa ne aka yi rasuwa, kafin a share makoki masu bin bashi sun yi layi, waɗanda mamacin ke bi kuwa sun yi shiru, domin lissafin duka ya tafi kabari tare da shi? Marayu su rasa uba, su rasa kanti. Haka kuma duk lokacin da gobara ta tashi, irin wadda ta cinye kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wanda ya ajiye kuɗi a ƙarƙashin tebur, kuma ba shi da wata shaidar abin da ya mallaka, shi ya fi kowa shiga uku. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, an ruwaito cewa da aka buɗe banki a Kano a 1929 kayan raƙuma 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya. In attajiri irin wannan bai yarda ɗaki ya zama ma'ajinsa ba, ina ga mai teburi ɗaya?

Wajibi ne sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ɗauki wannan aiki. Kamar yadda suke tara kuɗin gadi da na shara, haka za su iya ɗaukar malami ɗaya ya koya wa jama'arsu riƙe littafi a harshen da suke ji. Ita ma SMEDAN da ƙananan hukumomi, ya kamata su fito daga ofis da ɗakunan taro su kai horonsu rumfa-rumfa. Bankuna ba sa ba da rance ga wanda ba zai iya nuna cinikinsa a takarda ba, don haka ko tallafi ya zo, mai littafi ne zai riga kowa samu.

Arziki na Allah ne, babu mai musun wannan. Amma wanda ya tashi tun asuba don neman halak, bai kamata ya bar guminsa ya zube saboda ƙyashin littafi da alƙalami ba. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya kuma tsare wa kowa jarinsa.