Maganar Dashen Ƙoda da Allurar da Ke Tsare Ta

Ya ku malamai da attajirai, ga wani al'amari da ya shafi rai da dukiya gaba ɗaya.

Ku sani Allah Ya halicci dakaru a cikin jinin ɗan Adam, aikinsu yaƙi da duk baƙon da ya shiga jiki. To, dakarun nan ba su rarrabe ƙwayar cuta da ƙodar da ɗan'uwa ya bayar don jinƙai, da sun ji ta sai su far mata. Dalili ke nan dashen farko da ya ɗore, wanda Likita Joseph Murray ya yi a Boston ta Amurka cikin 1954, tsakanin tagwaye ne masu kama ɗaya, jiki bai ga baƙo ba.

Ga sauran mutane kuwa sai da dabara. Akan yi wa zomo allura da ƙwayoyin dakarun mutum, jinin zomo ya ƙera makamin kashe su, sa'an nan a tace makamin a ɗura wa majiyyaci ta jijiya. Ka ji ikon Allah, zomon da yara ke kora a saura! Akwai kuma wata allura, basiliximab, wadda aka yarda da ita cikin 1998. Ita ba ta kashe dakarun, toshe musu kunne take yi kada su ji gangar yaƙi su yawaita. Sau biyu ake yinta, ranar aiki da kwana huɗu bayansa.

Amma garin da aka rage wa dakaru, ɓarawo yakan sami ƙofa: tarin tibi da sauran cututtuka sun fi saurin kama mai dashe. Har wa yau allurar nan tsaron makonnin farko ce kurum. Bayanta sai shan magani kullum, muddin ƙodar tana jiki, wanda ya bari kuwa dakaru su farka.

Majalisar Fiƙihu da ta zauna a Jidda cikin 1988 ta halatta dashe bisa sharuɗɗa, ta haramta ciniki, Asibitin Malam Aminu Kano kuma ya fara aikin tun 2002. Abin da ke damunmu shi ne dangi su karyar da jari wajen aiki, a komo gida babu na magani. Lalle kafin a sayar da gona ko rumfa a tambayi likita kuɗin maganin shekara guda, a lissafa shi tare da na aikin. Malamai kuma su gargaɗi mai dashe kada ya sāke lokacin shan maganinsa saboda azumi sai da izinin likitansa.

Haza wassalam.