Tagar Bene da Tsakar Gidan Maƙwabci

  

Duk wanda ke zaune a cikin tsofaffin unguwannin Kano, ko Zariya, ko Katsina, ko Sakkwato, ya shaida yadda gidaje ke sauya kama a gaban idonsa. Gidan ƙasa da kakanni suka gina da tubali da azara, yau a rushe shi, gobe a kafa bulo, jibi a zuba dekin, kafin shekara ta zagayo an ɗora bene. Ni ban ga aibin wannan ba ko kaɗan. Iyali suna ƙaruwa, fili ya yi tsada, gidan gado kuma idan aka raba shi tsakanin magada goma, wanda ya samu ɗan yanki ba shi da wata hanya sai ya nufi sama. Ya kuma zo a hadisi cewa gida mai yalwa yana cikin abubuwan jin daɗin ɗan Adam a duniya. Sai dai wannan hadisin da kansa ya jera maƙwabci nagari tare da gidan mai yalwa, kuma abin da nake gani shi ne da yawa daga cikinmu muna samun na farkon ne ta hanyar hana wani samun na biyun.

Maganata a yau a kan taga ce. Ina nufin tagar bene, da baranda, da matakalar da ake ɗorawa a waje, waɗanda ke leƙa tsakar gidan maƙwabci kai tsaye.

Matashin da ya tashi a gida irin na zamani, mai falo da kicin a ciki, mai yiwuwa bai san matsayin tsakar gida a gidan Bahaushe ba. Maginan da suka gabata ba da wasa suka tsara zaure, sannan soro na biyu, sannan shigifa, kowace ƙofa a karkace da 'yar'uwarta ba. Sun yi haka ne don kada idon mai wucewa ya kai inda iyali suke. A tsakar gida ake girki, a nan murhu yake da turmi. A nan ake wanki da shanya, a nan ake kitso da lalle, a nan mai jego ke shan iska, a nan tsohuwa ke alwala ta zauna lazimi. Idan bazara ta yi tsanani, daga watan Maris zuwa Mayu, ga shi babu wuta, a nan ake shimfiɗa tabarmi a kwana. Matar da ke sanya hijabi idan za ta fita, wannan ne wuri guda da take ganin sararin samaniya ba tare da lulluɓi ba. To, ranar da maƙwabci ya buɗe taga a samanta, ya mayar mata da cikin gidanta bakin titi. Wata baiwar Allah a ajin matan aure ta taɓa tambayata hukuncin wadda ke tuƙa tuwo da hijabi har ƙasa a gaban wutar icce, ko akwai rangwame ta cire shi saboda zafi, alhali samarin benen da ke bayansu suna zaune a baranda. Tambayar tata ta fiƙihu ce, amma wanda ya kamata a yi wa fatawar ba ita ba ce, mai benen ne.

Abin mamaki, wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a littattafan da muke karantawa a zaurukanmu. Yaran Islamiyya suna haddace hadisi na 32 a cikin Arba'una Hadisan na Imamun Nawawi, wanda ya hana cutarwa da ramuwa da cuta, kuma Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. Malaman mazhabarsa sun gina babi guda na hukunce-hukuncen gini a kan wannan asali. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, da ya zo ba da misalan cutar da maƙwabci a cikin Risala, abin da ya fara ambata shi ne buɗe tagar da ke tona asirin gidan maƙwabci, sannan buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, sannan haƙa ramin da zai cutar da shi ko da a cikin filin mai haƙan ne. Risalar nan kusan babu garin da ba a karanta ta a ƙasar Hausa. Mun karanta babin, mun fassara shi, mun wuce, sai ka ce a kan mutanen Ƙairawan kaɗai aka rubuta shi.

A cikin Mudawwana an kawo wani hukunci da aka jingina wa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, game da mutumin da ya gina ɗaki a sama ya buɗe tagogi ta wajen maƙwabcinsa. Ma'aunin da aka sa mai sauƙi ne: a ajiye gado a ƙarƙashin tagar, namiji ya hau ya tsaya a kansa, idan yana hango abin da ke cikin gidan maƙwabci, a hana, idan kuwa ba ya hangowa, a bar shi. Dubi hikimar da ke cikin gadon nan. Ba a auna da mutum a tsaye a ƙasa ba, an ƙaddara cewa wata rana wani zai taka wani abu ya leƙa. Ba a kuma tambayi mai gidan ko mutumin kirki ne ba. Ginin aka auna, domin gini ya fi mai shi daɗewa.

Shaihu Khalil a Mukhtasar ɗinsa, wato littafin da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, ya ƙara wani abu: idan aka hukunta a toshe taga, ba ya wadatarwa a sa mata wani abu ta baya a bar gurbinta. Masu sharhi sun bayyana dalili, cewa idan aka bar alamarta, bayan shekaru wani zai zo ya kafa hujja da ita ya ce tagar tsohuwa ce, ya sake buɗewa. Wannan shi ne amsar mai cewa ai ya sa labule. Labule hannu ɗaya ke ɗaga shi. A nan ne kuma aka ce mai hawa bishiyar dabino da ke cikin gidansa ba a hana shi, amma sai ya yi gargaɗi kafin ya hau. Iyayenmu sun san wannan ladabi ko da ba su san daga wane littafi ya fito ba: idan za a hau soro yaɓe kafin damina, ana tura yaro ya sanar da gidajen da ke kewaye, mata su kintsa. Yau mai ɗaura tankin ruwa, da mai kafa faifan sola, da mai gyaran dish, sai dai matan maƙwabta su ɗaga kai su gan shi tsaye a kansu, waya a hannu. A birnin Tunis, a ƙarni na 8 bayan Hijira, an yi wani magini mai suna Ibnur Rami wanda alƙalai ke aikawa ya duba irin waɗannan rigingimu, har ya tara su a littafi guda mai suna Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Wato a lokacin nan magini ma ya san fiƙihun sana'arsa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa shari'a ta tsaya a gefen mai ƙorafi ne kawai. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne ba a hana mutum ɗaga gininsa don kawai zai tare wa maƙwabci rana ko iska, in ban da wurare irin su masussuka da aikinsu ya dogara da iskar. Haka kuma idan tagar ta riga gidan maƙwabci samuwa, shi wanda ya zo daga baya shi zai kare kansa. Saboda haka wanda ke jin haushin bene don kawai ya fi gidansa tsawo, wannan ya binciki zuciyarsa, la'alla hassada ce ta sa rigar fiƙihu. Abin da aka hana shi ne tona asiri. An yi sassauci a kan inuwa, an tsananta a kan ido, kuma wanda ya karanta aya ta 27 a Suratun Nur, wadda ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani, tare da hadisin da ya bayyana cewa saboda gani aka shar'anta neman izinin, zai fahimci dalilin bambancin. Wane amfani sallama a ƙofar zaure za ta yi idan idonka ya riga ka shiga ta sama?

Hujjar da na fi ji daga masu gini ita ce: filina ne, kuma hukumar tsara birni ta amince da zanen. Takardar hukuma tana da muhimmancinta, ban raina ta ba. Amma jami'in da ya sa hannu bai san inda murhun maƙwabciyarka yake ba, kuma ba shi zai tsaya maka ranar hisabi ba. Mai zanen gidan ma sau da yawa bai taka unguwar ba, ya kwafo fasalin da aka yi wa fili mai faɗi a sabuwar unguwa, inda kowane gida ke da tazara da katanga mai tsawo, ya dasa shi a lungun da bango ke jingine da bango. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ɗaki yana bukatar iska da haske, musamman a garin da zafi ke haura digiri 40. Gaskiya ne. Sai dai iska ba ta bukatar taga ta kasance daidai ƙirjin mutum. A ɗaga tagar bangon da ke kallon maƙwabci ta wuce kai, iska mai zafi ma ta sama take fita. A juya manyan tagogi su kalli titi ko cikin gidan mai ginin. A ɗaga rawanin soro ya wuce tsayin namiji idan za a riƙa hawa. A sa gilashi mai hazo wanda ba ya buɗewa inda haske kawai ake nema. Duk wannan, idan aka yi shi tun ana aza bulo, kuɗinsa bai kai na tayil ɗin falo guda ba. Bayan an yi filasta da fenti ne yake zama asara da rigima.

Akwai kuma sabuwar taga wadda magabata ba su gani ba, wato kyamarar tsaro. Halin da ake ciki ya sa mutane na ɗaura ta, kuma uzuri ne karɓaɓɓe. Amma idan aka kafa ta a saman bene tana ɗauko rabin tsakar gidan wani, ta fi tagar muni, domin taga ba ta ajiye abin da ta gani.

Sauran cutarwar gyaran gida sanannu ne, ba sai na tsawaita ba: tifar yashi da tsakuwa da ake zubewa a tsakiyar lungu wata da watanni, indararon da ake juyawa ya zuba a bangon wani, sokawe da ake haƙawa kusa da rijiyar maƙwabci, da dakalin da ke cin taku guda na hanya a kowane gyara har a wayi gari makara ba ta iya wucewa sai an karkata ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa idan aka yi saɓani kan faɗin hanya a sanya ta zira'i 7, sun kuma ruwaito azabar wanda ya ci ko da taƙi guda na ƙasa da zalunci. Waɗannan aƙalla kowa na ganinsu, mai unguwa ma yana iya magana. Taga ita ce cutar da ba ta da mai kai ƙara. Wadda ake cutarwa mace ce a cikin gida, ba ta zuwa majalisa, mijinta kuma sau da yawa talaka ne da ke jin nauyin Alhajin da ya ɗora benen, wataƙila ma shi ke ba shi hatsi da azumi. Sai ya yi shiru, ya sayo buhunan leda ko tsohon kwano ya rufe rabin tsakar gidansa, hayaƙin girki ya rasa mafita, yara su rasa wurin wasa. Alhaji kuwa yana ganin tunda ba a yi magana ba, an yarda. Shirun mai jin kunya ba yarda ba ce, kuma kwanon abincin da ake aika masa, duk da falalar da ke cikin ciyar da maƙwabci, ba ya zama diyyar sutura.

Ku matasa nake nufi da wannan magana fiye da kowa, domin a yawancin gidaje yanzu ku ake ba kula da aikin gini. Kai ke zuwa wurin mai zane, kai ke tsayawa a kan birkila, kai ke biyan leburori da yamma. Ranar da aka zuba dekin, kafin a aza layin farko na bulon sama, ka nemi izinin maƙwabta, ka hau tare da maginin, ka tsaya a duk inda aka yi niyyar taga ko baranda, ka taka bulo biyu, ka duba. Idan ka hango igiyar shanya ko bakin murhu, a sauya wurin. Idan mahaifinka ne mai ginin, ka faɗa masa da ladabi, ka ce: Baba, wannan tagar tana kallon cikin gidan su wane, ko a ɗaga ta? Da wuya dattijo ya ƙi, domin shi ya fi ka sanin mutanen gidan. Idan kuwa aikin gama ya gama, an riga an tare, to kira birkila ya ƙara layi uku ko huɗu na bulo a ƙasan tagar aikin yini guda ne. Kada a tsaya ga cewa mu ba ma leƙe. Ku ba kwa leƙe, amma gida ana sayar da shi, ana ba da shi haya, ana gadonsa, kuma ba ku san wanda zai kwana a ɗakin nan bayan shekara ashirin ba.