A Saurari Mai Neman Mafaka Kafin A Kore Shi

A ranar 14 ga Yunin 2022 gwamnatin Birtaniya ta tanadi jirgin da zai kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda. Jirgin bai tashi ba, domin Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta sa baki a daren. A Nuwamban 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa shirin ya saɓa wa doka, tunda akwai hatsarin Ruwanda ta mayar da bayin Allahn nan hannun azzaluman da suka guje wa. A 2024 aka soke shirin.

Sashe na 33 na yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ya haramta mayar da mutum inda rayuwarsa ke cikin hatsari. To amma doka a takarda ba ta ceton kowa. In jami'i ya ƙi amincewa da buƙatar mutum, wa zai duba ko ya yi kuskure in ba alƙali ba?

Musulmi ba baƙon wannan al'amari ba ne. Da Ƙuraishawa suka tura Amru bin Asi Habasha ya karɓo Sahabbai, fadawa sun goyi bayansa. Najjashi ya ce sam, sai ya ji ta bakinsu. Ja'afar bin Abi Ɗalib (RA) ya yi bayani, sarki ya ƙi miƙa su.

Don haka wajibi ne 'yan uwa matasa su tsaya wa wannan haƙƙi na raunana, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Duk gwamnatin da ke neman toshe ƙofar kotu ga wanda za ta kora, ta san hujjarta ba za ta tsaya gaban alƙali ba. Allah Ya isar wa wanda aka zalunta.