A Bar Waƙa Ta Ja Labari

Lokacin hutun Kirsimeti na koma gida Gwantu, na tarar matasan unguwarmu sun shirya wasan kwaikwayo da waƙoƙin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Turawa sun daɗe suna irin wannan: a 2005 aka fara nuna Jersey Boys a Broadway, an ɗinka shi da waƙoƙin shekarun 1960. Fela! ma ya zo Legas a 2011.

Na yaba ƙoƙarinsu, amma ina da ƙorafi. Sun rubuta labarin soyayya tukuna, sannan suka riƙa cusa waƙa duk inda 'yan kallo suka fara hamma. Waƙar ma daga wayar salula take fitowa, ɗan wasa yana motsa baki kawai.

A ganina sun yi asara. Waƙar "Karen Mota" ita kanta wasa ce: ga yaron mota, ga direba, ga wahalar hanya. Mu da muke bakin titin Akwanga zuwa Jos kullum muna ganin mutanen nan a tasha. Me ya hana a ɗauko labarin daga cikinta?

Ni Hausa ba harshen uwata ba ce, a kasuwa da rediyo na tsince ta, kuma waƙoƙin nan sun koya mini fiye da wasu littattafai. 'Yan uwana ɗalibai, idan ƙungiyarmu za ta gwada, a nemo mai kuntigi, a rera da baki ko da murya za ta shaƙe.