In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

Ga kaka ta zo, gero ya shiga rumbu, dawa tana kan hanya. A wannan lokaci ne kuma mai tallar maganin ɓera yake fitowa kasuwa da matattun ɓeraye rataye jikin sanda, yana kira, jama'a suna saye. Kowace shekara haka ake yi, kowace shekara kuwa in rani ya yi tsakiya aka buɗe rumbu sai a tarar da ƙaiƙayi da kashin ɓera. Da guba tana ƙarar da ɓera, da tuni an manta da shi a ƙasar nan. Gaskiyar magana ita ce, galibin gidajen da ɓera ya dama, masu gidan ne suke ciyad da shi, su ba shi wurin kwana, sa'an nan su koma kasuwa neman abin kashe shi.

Ya kamata a fara sanin abokin gāba tukuna. Ɓera, ko kusu yadda Sakkwatawa da mutanen Nijar suke ce masa, ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙaramin nan na cikin ɗaki, akwai babba baƙi mai bin rufi. Amma wanda ya fi cutar manomi shi ne ɓeran da yake zama gona da damina, in an girbe amfani ya biyo shi gida. Masana suna kiransa Mastomys. Ana gane macensa da yawan nono, gama takan kai guda ashirin da huɗu, ba kuwa don ado Allah ya ba ta su ba. Cikinta kwana 23 ne ko kusa da haka, takan haifi goma ko fiye a ciki ɗaya, ba ta daɗewa kuma ta sake ɗaukar wani. 'Ya'yan nan cikin 'yan watanni su ma sun fara haihuwa. Saboda haka wanda ya kashe ɓera ashirin da guba yau, ya bar abinci a buɗe, bai yi kome ba sai rage wa sauran abokan cin tuwo. Kafin watan gobe ya fita an cike gurbin.

A yi lissafi kaɗan. Ƙaramin ɓeran ɗaki yakan ci kamar giram 3 a yini. Ba wanda zai kula da giram 3. To, a ce hamsin ne a gida, wanda ba abin mamaki ba ne a gidan da yake da rumbu biyu da turken awaki. Giram 150 ke nan kullum. A wata shida an tashi kilo 27, watau fiye da rubu'in buhu mai kilo 100. Wannan kuwa abin da ya shiga cikinsu ne kawai. Abin da suka ɓata da kashi da fitsari ya fi haka nesa. Kuma haƙoran ɓera na gaba ba su daina girma muddin yana raye, tilas ya riƙa gwaguyar wani abu don ya rage su. Shi ya sa yake huda buhun ɗan kasuwa ko da ba abin ci a ciki, ya cinye takardun akawu a akwati, ya kwaɓe wayar lantarki har gobara ta tashi a rasa dalili.

Da ɓarnar ta tsaya kan hatsi da an yi haƙuri. A shekarar 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ta kamu da wani zazzaɓi a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos ta rasu, wadda ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Daga nan cutar ta sami sunanta. Bayan 'yan shekaru aka gano ɓeran nan mai yawan nono shi yake ɗauke da ita, shi kansa ba ta kashe shi, sai dai ya yi ta zubar da ita cikin fitsari da kashi. Mutum yakan ɗauka ta abinci ko ruwan da ɓera ya ɓata, ko ƙurar ɗakin da ya yi fitsari, ko wurin feɗe shi. Yawancin waɗanda suka kamu ba su jin jiki ƙwarai, amma waɗansu sukan mutu, waɗansu kuma su warke da kurumta. Mace mai tsohon ciki ita ta fi shiga hatsari. Cutar ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da ɓera ya bar gona ya tare a gida. Yaran da suke sa wa daji wuta don farautar ɓera aiki biyu suke yi, suna kama cuta da hannunsu, suna kuma koro sauran ɓerayen cikin gari.

Yanzu sai batun guba. Iri biyu ake sayarwa. Akwai mai kashewa nan take. Aibinta shi ne ɓeran da ya ɗanɗana kaɗan ya ji ciwo bai mutu ba, ba ya sake kusantarta. Akwai kuma mai hana jini daskarewa, wadda takan ɗauki kwanaki kafin ta kashe. Ta farkon irin wannan, warfarin, an fara sayar da ita a 1948, amma a 1958 aka sami ɓeraye a Sikotilan waɗanda ba ta yi musu kome. Shekara goma kawai. Duka iri biyun ba su san ɓera daban, kaza daban ba. Ɓeran da ya ci ya fito tsakar gida yana tangaɗi, agwagwa ta sāre shi, kyanwa ta ɗauka, su ma su bi. Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda ake kwaɓa guba da ƙuli-ƙuli ko tuwo a ajiye bayan ƙofa, a gidan da yake da yaro mai rarrafe. Ƙwayar nan kuwa ta turara hatsi, Phostoxin, ba ta ɗakin kwana ba ce ko kaɗan. Da ta ji danshi sai ta saki iska mai kisa, an kuwa sha rasa mutanen gida ɗungurungum ta wannan hanya. Wanda ya ga lalle sai ya sa guba, to, ya sayi mai suna da takardar bayani, ba ƙullin leda marar suna ba, ya zuba ta cikin guntun bututu ko akwati mai ƙananan ƙofofi inda hannun yaro da bakin kaza ba su kai ba. In an yi tsautsayi wani ya ci, a tafi asibiti da takardar tare, don likita ya san irin da zai yi wa magani.

Aikin da yake da amfani ba shi da tsada, sai dai yana son a tashi tsaye. Ɓera ba ya zama inda ba ci. A rufe tukunyar tuwo da randa da murfin da ya zauna. Garin da ya kwana a sa shi cikin roba ko gwangwani mai murfi. A daina shanya a ƙasa bakin hanya har dare. A share dusa da sauran abincin kaji kafin magariba. Karan da aka jingina jikin katanga da tarin itace kusa da rumbu, gidan haya ne kyauta, a matsar da su nesa, a nome ciyawar da take kewaye, gama ɓera yana tsoron ratsa fili. Ramin da ɗan yatsa ƙarami zai shiga ya ishi ƙaramin ɓera wucewa. Laka kaɗai ba ta tare shi, sai an haɗa da siminti ko fasassun kwalabe, ƙasan ƙofa kuma a buga masa kwano.

Rumbun da yake kan ƙafafun itace, a ɗaga shi kamu biyu daga ƙasa, a yanka kwano a naɗa wa kowace ƙafa kamar malfa, bakin yana duban ƙasa. Ɓera ya hau ya iske rufi a kansa, tilas ya koma. Amma kada a bar tsani ko reshen bishiya yana taɓa rumbun, aikin ya tashi banza. Mai sito ya ɗora buhuna kan katako, ya bar hanya tsakaninsu da bango yadda mutum zai zaga da fitila. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007 don ajiyar wake, yana rage ƙanshin da yake jawo ɓera, amma haƙori yana huda shi, in kuwa ya huje ƙwari ma sun sami hanya.

Tarko ya fi guba, gama mai shi yana ganin abin da ya kama. A ɗana shi jikin bango, nan ne hanyar ɓera, ba tsakiyar ɗaki ba. Guda goma a dare ɗaya sun fi guda ɗaya dare goma. Babban ɓera yana da wayo, sai a sa masa gyaɗa kwana biyu ba a ɗana ba, in ya saki jiki a ɗana. A bayan rumbu kuma a binne tsohuwar tukunya har baki, a zuba ruwa rabi, a barbaɗa ƙaiƙayi ya rufe ruwan, a rufe ta da rana saboda yara da 'yan tsaki. Abin da aka kama kada a taɓa da hannu. A ɗauka da leda ko shebur, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu.

Kyanwa tana taimako, in ba ta zama kyanwar Lami ba. Amma akwai ma'aikaciyar da ta fi ta, wadda ake saka wa da jifa, watau mujiya. Dare ɗaya takan ci ɓera uku ko huɗu, in tana da 'ya'ya abin ya ninka. Kukanta bai taɓa kashe kowa ba. Haka jaɓa, wari gare ta, amma ƙwari take ci, ba hatsi ba.

Saura abu ɗaya, wanda shi ya fi wuya. Ɓera bai san katanga ba, wanda ya gyara gidansa shi kaɗai na maƙwabci za su cike masa. Sai mai unguwa da limami su sa rana kafin dawa ta gama shigowa, kowane gida ya share, ya toshe, ya ɗana tarko mako guda a jere, a kwashe jujin unguwa a wannan makon. A sake yi wajen watan Fabrairu. Wanda kuma ya yi zazzaɓi da rani, ya sha maganin cizon sauro kwana uku bai faɗa ba, a kai shi asibiti a faɗa wa likita akwai ɓera a gidan, gama maganin Lassa ya fi ci in an fara shi a kwanakin farko.