Hoton da ke kama motsi

A ɗakunan ɗaukar hoto na Jega da Aliero da Maiyama, umarnin da aka fi ji shi ne a tsaya cak. Shi ya sa albam suka cika da amare da angwaye a daskare, alhali damƙar ɗan kokawa da naushin ɗan dambe suna wucewa babu shaida.

Dabarar kama irin wannan motsi ta daɗe. Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka ya inganta fitila mai maimaita walƙiya a shekarun 1930, kuma a 1938 ya ɗauki bugun ɗan wasan golf Bobby Jones, sandar ta fito sau da yawa a hoto guda. Ana duhunta ɗaki, a rataya baƙin ƙyalle a baya, a bar idon kyamara a buɗe na daƙiƙa ɗaya, filashi ya haska sau goma. Kowace walƙiya tana kama jiki a wani matsayi, sai siffofi goma su jeru. Sharaɗin shi ne mutum ya ratsa daga gefe zuwa gefe, domin idan ya tsaya wuri ɗaya siffofin za su hau juna su yi fari fat.

Filashi da dama na Canon da Nikon suna da wannan tsari, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006. Ya dace masu hoto da malamanta su haɗa hannu su adana kayin tsofaffin 'yan kokawa taku-taku, tun masu shi suna da ƙarfin nuna shi.