Madubin Jiragen Sama Amana Ne

Da sunan Allah muke farawa. Ya ku malamai da attajirai na Anka, da Gummi, da Bukkuyum, yau maganarmu ta shafi kowane mai niyyar Makka.

A shekarar 2010 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da na'urorin rada a wurare tara na ƙasar nan, ɗaya kuwa ga maƙwabtanmu, Talatar Mafara. Na'urar tana tambayar jirgi sunansa da bisansa, jirgi ya amsa, kwamfuta ta zana shi a kan allo gaban ma'aikaci. Watau ma'aikacin ba jirgin yake gani ba, abin da kwamfuta ta gaya masa yake gani. In ta yi kuskure, ya yi kuskure.

Kowane falke ya san mudun da ya fashe bai kai mudun da aka rage sharri ba. Fasasshe kowa ya gan shi, ragagge kuwa sai a yi ta awo da shi ana cutuwa. Haka allon nan yake. In ya mutu ɗungum, ma'aikaci ya koma ga rediyo da takarda. In ko yana haske alhali wani sashe nasa ya daina aiki, nan halaka take.

Ga misali. A daren 1 ga Yuli 2002 masu gyara suna aiki a kan na'urar Zurich ta ƙasar Suwizalan. Allo yana nuna jirage, amma alamar gargaɗin karo ba ta aiki, babbar wayar tarho kuma a katse, mutum guda ke tsaron allo biyu. Ma'aikatan Jamus suka hango hatsarin, suka yi ta bugo waya, ba ta shiga. Jirage biyu suka yi karo bisa kudancin Jamus, mutum 71 suka rasu, galibinsu yara.

Ajali ba ya wuce ranarsa, wannan gaskiya ne. Amma malamai sun fi mu sanin tawakkali ba ya kore riƙon sababi, sakaci da rayuka kuwa cin amana ne.

Saboda haka muna roƙon hukumar NAMA, mai kula da sararin samaniyar Nijeriya, abu uku. A riƙa sabunta na'urorin, gama abin da aka kafa tun 2010 ya kwana biyu. Kada a taɓa su da sunan gyara sai an sanar da mai tsaron allo abin da zai rasa. Kada kuma a bar mutum guda shi kaɗai da dare.

Wakilanmu na majalisa su tambayi lafiyar na'urar Mafara tun kafin jigilar alhazai. Ku kuma da kuka zaɓe su, ku tuna musu.

Allah shi kai alhazanmu lafiya, shi komo da su lafiya. Amin.